Yadda ake samun tallafin gwamnatin Amurka idan fari, gobara ko sanyi sun taɓa gonarka

Cikin 'yan shekarun nan mutanenmu mazauna Amurka sun fara shiga noma da kiwo da gaske. Wani ya sayi eka goma a bayan gari ya zuba awaki, wani ya karɓi hayar fili yana shuka yakuwa da gauta yana kai wa shagunan 'yan Afirka, wani kuma raguna yake kiwatawa don layya. Ni awaki da tumaki nake kiwo a wata gunduma ta karkara a tsakiyar jihar Texas, ba nisa sosai da San Angelo, inda babbar kasuwar gwanjon tumaki da awaki take. Duk sanda fari ko sanyi ya yi ɓarna sai waya ta yi ta shigowa: "Malam, an ce gwamnati na biyan manoma diyya, ina ake zuwa?" Abin da ke ɓata mini rai shi ne yawancin masu kiran sun riga sun makara. Kuɗin suna nan, kuma haƙƙin duk manomin da ya cika sharuɗɗa ne, amma ana biya ne bisa takardun da mutum ya ajiye tun kafin masifar ta auku.

Ga misali na kusa. A watan Disamba na 2024 aka sa hannu kan dokar da ta ware kusan dala biliyan 21 don asarar da manoma suka yi a 2023 da 2024. Daga ciki aka cire dala biliyan 1 don makiyayan da fari da gobarar daji suka shafa. Da aka fara biya a ƙarshen Mayun 2025, ba a ce kowa ya zo ya cike sabon fom ba. Jerin waɗanda suka nemi tallafin fari a waɗancan shekaru biyu aka ɗauko, kuɗi suka shiga asusunsu na banki suna zaune a gida. Wanda sunansa ba ya cikin jerin, ko da farin ya fi cin sa, bai ga ko sisi ba a wannan zagayen.

Lambar gona tukuna

Hukumar da ke biyan waɗannan kuɗi ita ce FSA, wani reshe na ma'aikatar gona ta tarayya, wato USDA. Tana da ofisoshi a gundumomin karkara ko'ina a ƙasar, wani lokaci ofis ɗaya na kula da gunduma biyu ko uku. Kada ka nufi FEMA, hukumar agajin gaggawa ta tarayya, da maganar dabbobi ko amfanin gona, ita gidan da kake kwana a ciki take dubawa.

Ka buga waya ka nemi a ba ka lokaci, ka ce kana son lambar gona, wato lambar rajistar filinka a wurinsu. Ka tafi da katin shaidarka, da lambar Social Security ko lambar harajin kamfani in da sunan kamfani kake noma, da takardar mallakar filin ko ta haya, da bayanin asusun bankinka. Ba za ka biya ko kwabo ba, kuma ƙanƙantar fili ba ta hana a ba ka lamba. Ɗan ƙasa da mai katin zama na dindindin duk suna iya shiga shirye-shiryen dabbobin da zan ambata.

Za a tura maka tarin fom a gabanka. Uku ne ya kamata ka san abin da kake sa wa hannu. CCC-902 yana bayyana wane ne mai gonar, wa ya zuba kuɗi, wa ke yin aikin. In kun haɗa jari da ɗan'uwa ko aboki, ku faɗi gaskiyar kason kowa a nan, domin a kan wannan kason za a raba duk abin da aka biya. AD-1026 alkawari ne cewa ba za ka busar da fadama ko ka nome gangaren da ruwa ke zaizayewa ba tare da tsari ba. CCC-941 kuma shaida ce cewa matsakaicin kuɗin shigarka bai wuce dala 900,000 a shekara ba, wanda bai dami irinmu ba, amma in babu shi a fayil kuɗinka za su tsaya. In ba ka kai shekara 10 da fara noma ba, ka nemi fom CCC-860 ka rubuta kanka a matsayin sabon manomi. Za ka ga amfaninsa a gaba.

Daga nan, kowace shekara sai ka koma ka ba da rahoton abin da ke cikin filinka a fom FSA-578. A yawancin wurare ranar 15 ga Yuli ce wa'adin, amma ka tambaya, akwai amfanin gonar da ke da tasa ranar daban. Mutanenmu masu kiwo suna yawan tsallake wannan, suna cewa ai ba su shuka komai ba. Ciyawar da Allah ya tsirar a makiyayarka ita ma ana rubuta ta, kuma in ba a rubuta ta ba, babu tallafin fari. Haka batun haya. A karkarar nan har yanzu ana ba da fili da musabaha kawai, ka biya mai fili a hannu kowace shekara. Ka roƙe shi ku rubuta, ko da shafi ɗaya ne: eka nawa, daga yaushe zuwa yaushe, nawa ake biya, da sa hannun ku biyu.

Littafin garke

A nan zan daɗe, domin a nan aka fi yin asara. Ranar da ka je ka ce awaki talatin sun mutu, tambayar farko ita ce nawa kake da su kafin nan, kuma me zai nuna haka. Rantsuwa ba ta aiki a wannan ofishi.

Nawa littafin ɗan ƙarami ne mai bangon roba, a aljihun ƙofar mota yake zama tare da biro ɗaure da igiya. Kowace akuya da tunkiya tana da lamba a kunne. Dama doka ta tilasta sanya alamar kunne ga yawancin tumaki da awakin da za su bar gona, saboda yaƙi da cutar scrapie, don haka aikin bai ƙaru ba. Ranar da akuya ta haihu in rubuta lambarta, da kwanan wata, da 'ya'ya nawa. Ranar da wata ta mutu in rubuta, da abin da nake zaton ya kashe ta. A farkon kowane wata ina tara garken a shinge in ƙirga, in ɗauki hoto da waya, wayar kuma da kanta take ajiye kwanan wata. Rasit ɗin kasuwar gwanjo, na likitan dabbobi, na maganin tsutsa, na ciyawa da dusa, duk suna shiga wani kwali a ɗaki. Wani dattijon maƙwabcina, wanda iyayensa ma a wannan filin suka yi kiwo, shi ya fara nuna mini nasa, littattafai jere a kan kanta na shekaru masu yawa. Ya ce duk abin da bai shiga littafi ba, a wurin gwamnati bai faru ba.

Akwai wani abu da ya shafe mu musamman. Gab da Babbar Sallah mutane suna zuwa gona da kansu, a yi ciniki a tsaye, a ba da kuɗi a hannu, a jefa rago a bayan mota. Cinikin ya halatta, amma in ba a rubuta ba, littafinka zai nuna raguna hamsin a watan jiya, goma sha biyu a wannan watan, ba bayanin inda sauran suka shiga. Ka sayi ɗan littafin rasit mai kwafi biyu, ka rubuta wa kowane mai saye lambar kunnen ragon da farashinsa. Tun ran gini ran zane. Kuma ka ajiye takardun nan aƙalla shekara 3 bayan an biya ka, domin ana zaɓen wasu a dawo a bincika.

Fari

Tallafin fari, wanda ake kira LFP, shi ne wanda makiyayi a Texas zai fi haɗuwa da shi. A 2011 an sha wuya, a 2022 ma haka. Ba a zuwa gonarka a duba ko ciyawa ta bushe. Akwai taswirar fari ta ƙasa da ake fitarwa duk ranar Alhamis daga Jami'ar Nebraska da ke Lincoln, tare da haɗin gwiwar USDA da hukumar yanayi ta NOAA. Taswirar ta kasa fari daga D0, wato ɗan bushewa, zuwa D4, mafi tsanani. Launin da gundumarku ta samu shi ke yanke ko za a biya, da na wata nawa.

In wani yanki na gundumar ya shiga D3 ko sau ɗaya ne a lokacin kiwo, ana biyan kuɗin abincin dabbobi na wata 3. In D3 ya kai mako 4, ko aka taɓa D4, wata 4. In D4 ya kai mako 4, wata 5. A da sai D2 ya yi mako 8 a jere kafin a biya na wata ɗaya. Dokar da aka sa wa hannu ranar 4 ga Yuli 2025 ta sassauta wannan: mako 4 a jere na D2 yana kawo biyan wata ɗaya, mako 7 cikin 8 kuma na wata biyu.

Lissafin yana da wani lanƙwasa da ya kamata ka sani tun kafin ka sa rai. Ana lissafa kuɗin abinci bisa yawan dabbobinka, sannan a sake lissafawa bisa yawan dabbobin da filinka zai iya ɗauka a ƙa'idar gundumar. Wanda ya fi ƙanƙanta a cikin biyun ake ɗauka, a biya ka kashi 60 cikin 100 nasa. Wato in ka cusa awaki ɗari biyu a eka ashirin kana ciyar da su da buhu, na eka ashirin za a biya ka. Dole ne kuma dabbobin su kasance a hannunka cikin kwana 60 kafin farin ya fara, kuma masu kiwo a fili ne, ba na turke ba.

A ganina taswirar nan tana da rauni a inda ma'aunin ruwan sama ya yi ƙaranci. Hadari zai zuba a gefe ɗaya na gunduma ya bar ɗaya gefen ƙurmus. Masu zana ta suna karɓar rahoto daga manoma ta intanet, da hotuna, ta wani tsari mai suna CMOR. Ka riƙa aikawa: hoton tafkin da ya tsage, da ciyawar da ta zama ƙasa, da ranar da ka fara ba da busasshiyar ciyawa alhali ba lokacinta ba ne. Malamin gona na gundumarku zai nuna maka yadda ake yi.

In fari ya sa ka fara jigilar ruwa da tanki, ko kana zuwa nesa fiye da yadda ka saba don sayo ciyawa, ko ka kwashe dabbobin zuwa wata makiyaya, wannan shirin ELAP ne ke ɗaukar wani kaso nasa. Ka rubuta galan nawa, mil nawa, ranar yaushe, ka riƙe rasit. Masu kiwon zuma da na kifi ma a ƙarƙashinsa suke.

Idan dabbobi sun mutu

Sanyin watan Fabrairun 2021 ya same mu awaki na tsakiyar haihuwa. Wuta ta ɗauke, bututun ruwa sun daskare, ƙanƙara ta rufe komai kwana da kwanaki. Da safe in ka shiga rumfa sai ka tarar da 'yan awaki a dunƙule a kusurwa, na ƙasa sun sandare, uwa na tsaye a kansu tana kuka. A wannan lokacin babu abin da zuciya ke so irin a kwashe su a binne, a daina gani. Ka daure. Ka jera su, ka juya kunnen kowacce lambar ta fito, ka ɗauki hoto ɗaya ɗaya, sannan ka ɗauki na gaba ɗaya yadda za a ga ƙanƙarar da wurin. Waɗanda ba a kai ga sa musu lamba ba, ka rubuta lambar uwarsu a takarda ka ajiye kusa da su a hoton. Ka kira wani wanda ba ɗan gidanku ba ne kuma ba ma'aikacinka ba, maƙwabci ko likitan dabbobi, ya gani da idonsa, domin akwai fom ɗin shaida da zai iya sa wa hannu. Bayan haka ka binne.

Shirin da ke biyan wannan shi ne LIP. Yana biyan kashi 75 cikin 100 na darajar dabba, amma darajar da gwamnati ta yanke wa kowane rukuni a faɗin ƙasa a wannan shekarar. Ragon da kake sa ran sayarwa da tsada ranar jajibirin Sallah, a takardarsu rago ne kamar kowane rago. Sannan ba duk mutuwar ake biya ba, sai wadda ta haura abin da aka saba rasawa a shekara, kuma kowace jiha tana da nata adadin ga kowane irin dabba. A ce, don misali kawai, kana da awaki 200 kuma adadin da aka yanke kashi 5 ne. Goma na farko ba a biyan su. Amma in littafinka da hotunanka sun nuna cewa bakwai sun riga sun mutu a cikin shekarar ta hanyar da aka saba, waɗannan bakwai suna cike wani ɓangare na goman. Shi ya sa ake rubuta mutuwar yau da kullum, ko da babu wanda zai biya ta.

Ka san kuma abin da ba ya ciki. Sanyi mai tsanani, zafi mai tsanani, ambaliya, guguwa, tsawa, gobarar daji, duk suna ciki. Yunwar fari ba ta ciki, an bar wa LFP. Tsutsar ciki da ke kashe mana awaki a lokacin damshi ba ta ciki, ana ɗaukarta a matsayin abin da kulawa za ta iya hanawa. Dilan nan da suke kira coyote da karnukan maƙwabta ba sa ciki. Namun dajin da gwamnatin tarayya ta dawo da su ko take karewa, irin kyarkeci da gaggafa da baƙar ungulun da ke farke jarirai a wurin haihuwa, su ana biya, kuma dokar 2025 ta ɗaga nasu zuwa cikakkiyar daraja.

Gobara tana da nata ciwon. Wadda ta tashi ranar 26 ga Fabrairu 2024 a arewacin Texas, ta Smokehouse Creek, ta cinye sama da eka miliyan 1, ita ce mafi girma a tarihin jihar, kuma shanun da suka halaka a gobarar yankin sun haura 15,000. Da yawansu ba a cikin wutar suka mutu ba. Sun tsira da ƙonannun kofato da hantsa, bayan kwanaki masu su suka ga ba mafita sai a hutar da su. Mu Musulmi in muka ga dabba za ta mutu, wuƙa muke nema kada ta zama mushe, kuma daidai ne. Amma kafin wuƙar ka ɗauki hoton raunin da lambar kunnen, in da hali likitan dabbobi ya rubuta cewa ba za ta tashi ba, sannan ka faɗa wa ofis gaskiyar abin da aka yi da ita. Wadda ta ji rauni ka sayar da ita da araha, ita ma ana iya biyan wani ɓangare na giɓin, in ka kawo rasit.

A shekarun baya-bayan nan wa'adin neman LIP da LFP da ELAP yana faɗawa ne a farkon Maris na shekarar da ke biye, amma an sha sauya waɗannan ranaku. Ni a makon da abin ya faru nake buga waya in sanar, in kuma tambayi ranar ƙarshe ta bana.

Shinge, lambu, da bashi

In wuta ko ambaliya ta lalata shingen waya, shirin ECP yana ɗaukar har kashi 75 na kuɗin gyara, sabon manomi kuma har kashi 90. Sharaɗin da ke kayar da mutane shi ne kada a fara aikin kafin ofis ya zo ya duba ya amince. Na san da wuya, dabbobi na fita titi kana jiran takarda. Ka ɗauki hotuna, ka kira su a ranar, ka tambayi abin da aka yarda ka yi na gaggawa.

Masu lambu, ku naku daban ne. Masara da auduga da alkama suna da inshora a wurin kamfanoni. Kuɓewa, gauta, yakuwa, alayyafo da attaruhu a yawancin gundumomi ba su da ita, sai shirin NAP. Shi ana shiga ne kafin shuka, ba bayan ƙanƙara ta sauka ba. Kuɗin rajista dala 325 ne kan kowane irin amfani, ba zai wuce dala 825 a gunduma ɗaya ba, kuma an yafe wa sabon manomin da ya cike CCC-860. Matakin farko yana biya ne in asarar ta wuce rabin abin da aka saba girba, kuma a kan kashi 55 na farashi, don haka ba mai yawa ba ne. Ana iya ƙara kuɗi a sayi mataki na sama. Asara ana sanar da ita cikin kwana 15, amma kayan da ake tsinka da hannu cikin awa 72, kuma kada ka nome gonar kafin mai dubawa ya zo. In yakuwa ce ko gauta, wataƙila ma'aikacin bai taɓa jin sunansu ba. Ka je da wuri, da sunan shukar na kimiyya, da rasit ɗin shagunan da kake kai wa, domin sai sun samo farashi da yawan amfanin da za su yi lissafi da shi.

Idan aka ayyana gundumarku a matsayin wadda masifa ta shafa, za ka ji ana maganar bashin gaggawa har dala 500,000, wanda ake nema cikin wata 8. Bashi ne mai ruwa, ko da ruwan ƙarami ne. Ni ban karɓa ba, kuma wanda abin ya dame shi ya tambayi malaminsa kafin ya sa hannu. Sauran shirye-shiryen da na lissafa ba bashi ba ne, ba a mayar da su sai in an gano an biya ka fiye da haƙƙinka ko ka ba da bayanin ƙarya. Kada ka ƙara ko akuya ɗaya a kan abin da ya mutu. Ban da haramcin abin, laifi ne a dokar tarayya, kuma ga mai katin zama yana iya jawo abin da ya fi kuɗin nesa ba kusa ba.

Kuɗin da aka biya ka kuɗin shiga ne a wurin masu haraji. A farkon shekara takarda mai lamba 1099-G za ta zo maka, ka kai wa mai yi maka lissafin haraji tare da sauran takardun gona.

Duk zuwan da ka yi ofis ka karɓi rasit ɗin hidima, doka ta ce a ba ka, kuma shi ne shaidar ranar da ka zo da abin da ka nema. In an ce maka da baki ba ka cancanta ba, cikin ladabi ka ce kana son ka cike fom ɗin duk da haka, a ba ka amsa a rubuce. Amsar baki ba a ɗaukaka ƙara a kanta. Ta rubuce tana zuwa da bayanin hanyoyin da ke gabanka, kuma kana da kwana 30 daga ranar da ta iso. Za ka iya neman kwamitin gunduma ya sake dubawa, wanda manoman yankin ne da kansu ake zaɓa a ciki, kuma kai ma in sunanka na cikin rajistar ofis kana da ƙuri'a a zaɓen da ake yi a ƙarshen shekara. Za ka iya neman sulhu ta hannun mai shiga tsakani, ko ka kai maganar sashen ɗaukaka ƙara na ƙasa, NAD, wanda ba ya ƙarƙashin FSA. Ka rubuta ranar da wasiƙar ta iso a jikin ambulan, ka ajiye ambulan ɗin tare da ita.